Fayil ɗaya, hannu huɗu

Lokacin da na fara aikin dizain tare da wasu mutum uku wallahi ba ƙaramar wahala muka sha da fayil ba. Kowa da nasa kwafin a kwamfutarsa, ka gyara kalar tambari ka tura ta imel, kafin ɗan'uwanka ya buɗe shi ma ya riga ya canja rubutu a nasa, sai a wayi gari muna da fayil huɗu, wannan "na ƙarshe" wancan "na ƙarshe na gaske", kuma babu mai iya rantsewa wanne za a ba kwastoma. Akwai ranar da tsohon zane aka tura wajen bugu, aikin dare biyu na abokiyar aikina ya tafi a banza, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da muka koma Figma, wata manhajar dizain, sai muka samu sa'ida. Dylan Field da Evan Wallace ne suka kafa ta, ta fito ga kowa a 2016, a burauza take aiki, fayil ɗaya ne zaune a intanet kowa ya shiga, kana ganin 'yar kibiyar kowa da sunansa tana yawo a allo, in an yi ɓarna kuma sai a koma tarihin fayil a dawo da na jiya. Abin ma ba sabo ba ne, tun 1968 wani injiniya ɗan Amurka, Douglas Engelbart, ya nuna mutum biyu a wurare daban suna aiki a kan allo ɗaya.

Amma fa ganin kibiyar mutum ba shi ne kun yi magana ba, nan ne na koyi darasi. Wata rana na canja girman maɓalli a uwar kwamfonent, wato asalin zanen da sauran shafuka ke ɗaukar kwafi daga gare shi, ni a ganina gyara nake, ashe duk shafukan da suka ɗauko daga gare ta sun canja lokaci guda, har da waɗanda abokin aikina zai nuna wa kwastoma da safe. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "da ka tambaye ni", kuma maganar ta zauna min.

Tun daga ranar muka raba, kowane sashe da mai shi. In na ga abin da bai min ba a sashen wani ba na taɓawa, tsokaci nake maƙalawa daidai wurin in rubuta dalilina, shi zai gyara ko ya ce min a'a. Uwar kwamfonent kuwa sai mu huɗun mun yi waya mun yarda kafin a taɓa ta.