Diski ɗaya tsakanin Windows, Mac da Linux

Yawancin masu ɗaukar bidiyon biki da na suna a nan Garwa da Windows suke aiki, amma wasu sun koma Mac na hannu, ga kuma ɗaliban jami'ar Ngaundere da ke dawowa hutu da Linux a kwamfutocinsu. Saboda haka ake yawan kawo mini diskin waje ana cewa ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, tsarin da aka shirya shi da shi ne kawai kwamfutar ba ta gane ba.

Diskin da aka sayo sabo sau da yawa yakan zo da NTFS, tsarin da Microsoft ya fito da shi a 1993. Mac yana buɗe abin da ke ciki, amma ba ya yarda a ajiye sabon fayil ko a goge tsoho. Idan kuma a Mac aka shirya diskin da APFS, ko a Linux da ext4, Windows ba ta karanta shi, wani lokaci ma takan fito da saƙo cewa sai an yi masa fomatin. Ina roƙon duk wanda ya ga wannan saƙo ya rufe shi ya cire diskin, domin amincewa da shi na nufin share bikin mutane wanda ba za a sake yin sa ba.

Tsarin FAT32 kusan kowace na'ura tana karanta shi, har da talabijin, sai dai fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, bidiyon kamu ko na walima kuwa yakan zarce haka cikin sauƙi. Shi ya sa nake zaɓar exFAT, wanda ya fito a 2006. Mac yana rubutu a kansa tun 2010, Linux ma ya shigar da shi cikinsa a 2019, shekarar da Microsoft ya wallafa bayanan tsarin. Kafin a mayar da diski exFAT, a fara kwashe komai zuwa wani wuri tukuna, don sauya tsari yana share diskin baki ɗaya.

Amma akwai abin da masu yabon exFAT ba sa yawan faɗa, kuma mu ya fi shafa. NTFS da ext4 suna riƙe da rajistar canjin da suke shirin yi kafin su yi shi, ta yadda idan aiki ya katse a tsakiya za su iya gyara kansu. ExFAT ba shi da wannan rajista. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, kwamfutar tebur da ta mutu ana cikin kwafi tana iya barin babban fayil a hargitse. Mai laftop yana da sauƙi tunda batir ne ke ciyar da ƙaramin diski, amma kebul mai sako-sako yana yin irin wannan ɓarnar. A ganina diskin exFAT na kai-kawo ne tsakanin shago da shago, ainihin aikin kuwa ya zauna a diski na biyu mai tsarin kwamfutar mai shi.

Haka kuma idan Linux ya ƙi rubutu a diskin NTFS, sau da yawa an fizge shi ne daga Windows ba tare da an ba da umarnin cirewa ba. A mayar da shi Windows, a bar ta ta duba shi da chkdsk, umarninta na duba diski da gyara shi, sannan a cire shi ta hanyar da ta dace.