Yini guda a Jarrow

Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa daga Newcastle zuwa Jarrow, garin da ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Tyne, na daɗe tsaye gaban mutum-mutumin Charles Palmer ana yayyafi. Shi ne mai masana'antar jiragen, kuma shi ya wakilci mazaɓar Jarrow a majalisar dokokin Birtaniya daga 1885 har mutuwarsa a 1907, wato mai biyan albashi shi ake jefa wa ƙuri'a, abin da ya tsaya mini a rai. A zaɓen cike gurbinsa Pete Curran na jam'iyyar Leba ya yi nasara, amma kujerar ta yi ta sauya hannu, har 'yan Kwanzabatib suka karɓe ta a 1931.

Bayan rufe masana'antar, Ellen Wilkinson ta jam'iyyar Leba ta ci zaɓen 1935, ta kuma raka maza kusan 200 da suka taka a ƙafa zuwa Landan a 1936 neman aikin yi, ko da yake sun dawo hannu rabbana. Tun daga lokacin Leba ba ta sake rasa kujerar ba, har aka sauya iyakokinta da sunanta a 2024.