Zumar Hajiya da kwalbar mutumin Jos

Awa biyar kafin tashin jirgi na baro Agege, don duk wanda ya san gosulon Ikeja Along ba ya wasa da lokaci. Dubai za ni saro kaya, amma sai mun sauka Addis Ababa mun canza jirgi. Hajiyarmu ta aiko min zuma cike da gorar roba daga gida wai in riƙa lasa saboda tari, ni kuma da wayona na ce kar ta fashe a babbar jaka ta ɓata min shaddodi, sai na cusa ta a jakar hannu tare da kilishi da yaji.

A filin jirgin Murtala Muhammed jakar na shiga sikana aka ja ta gefe. Ma'aikacin ɗan arewa ne ma, ya ɗago gorar ya ce "Alhaji, wannan kam ba za ta wuce ba." Na ce yallaɓai zuma ce fa ba ruwa ba, ya yi dariya ya ce duk abin da zai zuba ko a shafa ruwa ne a wajensu, kuma kowace kwalba kar ta wuce mililita 100, ko da ɗan kaɗan ya rage a ciki girman kwalbar ake dubawa. Tun 2006 dokar take, lokacin da aka kama wasu a Ingila suna shirin shiga jirage da bam na ruwa a kwalaben lemo. Babbar jakata ta riga ta wuce awo, haka na bar zumar ina ji ina gani. Kilishi da yaji dai ko kallonsu ba a yi ba.

A ciki na haɗu da wani mutumin Jos, Hausa a bakinsa kamar Bakano, ya sayi wuski lita ɗaya a shagon duti-firi, wato shagon cikin filin jirgi da ba a biyan haraji, zai kai wa abokinsa. Ni turare na saya. Abin ya ɗaure min kai, an karɓe min zuma ga shi da ƙatuwar kwalba, sai ya nuna min ledar, irin mai jan baki da ake mannewa da rasit a ciki ana hango shi, wai muddin ba a buɗe ba tana wucewa.

To shi da ya koya min karatun shi ya faɗi jarabawar. Muna sama ya yage ledar don ya ɗauki hoton kwalbar ya tura wa abokin in mun sauka. Na ce ɗan'uwa anya kuwa? Ya ce ai yana da rasit.

A Addis aka sake bincikenmu kafin jirgi na biyu. Matar da ke binciken ta juya ledar ta ga bakin a yage, shi ke nan, ya yi magiya ya nuna rasit ya nuna tikiti, ta ajiye kwalbar a bayanta ta kira na gaba. Da a jakar awo take da ba ruwan kowa, har lita 5 ana bari in ƙarfin giyar bai haura kashi 70 ba.

Har muka shiga jirgi bai ce uffan ba, sai da na miƙa masa kilishi ya ɗan saki fuska. Turarena kuwa ban taɓa ledarsa ba sai da na kulle ƙofar ɗakina a unguwar Deira ta Dubai.