Tayar da aksul da farfelar tsohuwar Land Rover ta soja

Tsofaffin Land Rover na soja, samfurin Series IIA da aka ƙera daga 1961 zuwa 1971 da Series III da ya biyo baya har 1985, har yanzu ana cin karo da su a bayan gareji a garuruwan Gadarif da Sinnar da Damazin na Sudan, wasu sun shekara da shekaru a kan duwatsu. Wanda ya samu ɗaya, hankalinsa kan tafi wajen inji. Mu kuwa ƙarƙashi muke fara leƙawa. Injin nan mai lita 2.25 yana da haƙuri, da wuya ya ƙi tashi. Abin da ke ajiye motar a daji aksul ne, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, da farfela, sandar da ke kai masa juyi daga giyabos, kuma a ƙasar nan abin da ke cinye su shi ne yashi ya shiga, mai ya fita.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a san wane aksul ne a bayan motar. Na Rover bayansa a rufe yake da walda, koronarsa, wato giyar tsakiyar aksul da ke raba wa tayoyi juyi, ta gaba ake zaro ta gaba ɗaya, sandunansa masu juya tayoyi kuma masu tsaga 10 ne. Na Salisbury, wanda ke zuwa da doguwar mota ta Series III mai inci 109 tsakanin aksul na gaba da na baya, yana da murfi a baya da ake kwancewa, sandunansa masu tsaga 24, ya kuma fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai a tabbatar gaba da baya lissafinsu ɗaya. Na asali 4.7 ne, wato haƙora 47 a babban faifai, 10 a finiyon, ƙaramar giyar da ke juya shi. Amma motar da ta ratsa hannaye da yawa, ba mamaki an taɓa cusa mata koronar tsohuwar Range Rover mai 3.54, tunda tana shiga gidan daidai. A ɗaga taya ɗaya, a yi wa farfela alama da alli, a juya tayar sau biyu cif. In farfela ta yi zagaye kusan biyar, 4.7 ce, in uku da rabi ne, ɗayar ce. Aka haɗa iri biyu a mota ɗaya, ranar da aka sa giyar taya huɗu wani abu zai karye. A kuma tanadi sufanun Whitworth, domin notunan aksul na tsofaffin samfura ba na milimita ba ne, sufanar da ta kusa dacewa kuma murje kan noti take yi.

Sandar aksul ta baya mai tsaga 10 ita ce raunin motar. Baƙar ƙasar Gadarif a damina ta san da haka: taya na juyawa a taɓo, direba na taka mai, sai ta kama busasshen wuri nan take, sandar ta tsinke, galibi ta wajen korona. A zaro duka biyun, doguwa da gajeriya, a wanke da kananzir, a kalli tsagogin a cikin rana. In sun fara murɗewa ko kaɗan, a yar, kar a ce ta ɗan ƙara kwana. Sabuwa kuma a ja mata miƙaƙƙen layi da fenti daga kai zuwa kai; duk ranar da aka sake zaro ta, layin zai faɗi gaskiya. Inda sanda ta riga ta karye, zungure guntun da ƙarfe bai isa ba. A sauke korona a wanke gidan tas, don ɓarɓashin da ya rage boris zai shiga.

Korona ba ta son aikin ido. Rawar da ke tsakanin haƙoran faifai da finiyon a ta Rover milimita 0.20 zuwa 0.25 ce, da agogon awo ake duba ta, a wurare da dama a kewayen faifan. Bayan faifan kar ya yi lilo fiye da 0.10. In an daidaita, a shafa shuɗin awo a haƙora a juya: tabon ya sauka a tsakiyar haƙori. Ya sauka a baki ko a gindi, tsayin finiyon ne bai yi ba, sai a sauya siraran farantan da ke bayan boris ɗinsa. Ta Salisbury wani karatu ne. Sai da ƙarfen buɗa gida take fita, finiyonta kuma yana da zobe mai lotsewa wanda in an wuce da ɗauri ba ya dawowa. Matuƙar ba ta kuka, a canza mata roba da mai a ƙyale ta.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi da ke kan aksul na gaba. A cikinsu mahaɗar sandar gaba take wanka a mai, roba ɗaya ce kuma ke share fuskar ƙwallon duk lokacin da aka juya sitiyari. Habub, wato guguwar ƙura, ya watsa masa ƙura, damina ta kawo tsatsa, fuskar ta yi ramuka, ramukan su yage robar, mai ya tsiyaye, yashi ya maye gurbinsa. Ƙananan ramuka ana iya kankare su, a cike da gam ɗin ƙarfe, a goge da lallausan sanfefa har farce ya daina jin su. Amma in sheƙin ya fara ɓarewa, sai dai wani ƙwallon, duk da cewa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 samun kaya ya yi wuya, an koma kan na kwance. A sama akwai bushin Railko, a ƙasa boris. Ɗaurinsu da siraran faranti ne a ƙarƙashin fil na sama, kuma ana auna shi kafin a sa roba: a maƙala sikelin rataye irin na masu nama a ramin hannun sitiyari a ja, ya nuna kilo 3.6 zuwa 4.5 a Series III. Ya yi sako-sako, motar za ta dinga kaɗa kai a kan hanya mai gargada. Ya yi tsauri, sitiyari ba zai koma tsakiya ba. Motocin soja da yawa suna zuwa da rigar fata da ke rufe ƙwallon. A ganinmu duk mai tuƙi a Sudan ya kamata ya ɗinka ta ko da tasa ba ta zo da ita ba, a shafe fatar da mai, a riƙa buɗewa ana dubawa bayan damina.

Boris ɗin taya kuma ana barin masa rawa milimita 0.05 zuwa 0.10, da noti biyu na milimita 52 da sabuwar washa mai lanƙwasa a tsakani. A duba zoben da robar taya ke gogawa. In ya yi kwari, sabuwar roba ma yoyo za ta yi. Kuma kar a manta da ɗan hancin shan iska da ke saman aksul. Ƙura kan toshe shi, zafin rana ya kumbura iskar ciki, ta tura mai ta roba zuwa takalman birki. Mutane sukan canza roba sau da yawa alhali laifin nan yake. A cire shi a sa dogon tiyo ya hau har ɗakin inji, ya huta da ƙura da ruwan kwari gaba ɗaya.

Farfela aikinta kaɗan ne. A girgiza mahaɗanta, mai rawa a canza. Kunnuwan kai biyu su kalli waje ɗaya, in ba haka ba za ta yi karkarwa. Notunanta na sufana inci 9/16 ne, a sa sababbi. Birkin hannu a bayan ƙaramin giyabos yake, wanda ke raba juyi gaba da baya, in gangarsa ta jiƙe da mai robar da ke bayanta ce ta mutu.

Mai kuwa lamba 90 ne ko'ina: lita 1.75 a kowace koronar Rover, 2.5 a Salisbury, rabin lita a kowane ƙwallo, 1.5 a babban giyabos, 2.5 a ƙarami. Na giyabos a nemi mai alamar GL-4 saboda sassan tagulla da ke ciki. Bayan tafiyar farko a taɓa kowace cibiyar taya da korona. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai jure ba ɗauri ne ya yi yawa. Kar a danna maɓallin rawaya ko a ja jan liba, masu sa giyar taya huɗu, a kan kwalta, domin motar ba ta da korona ta tsakiya, sanduna za su murɗe. Wanda kuma ya sa wa tayoyin gaba makullin sakewa, mai raba taya da sandarta, ya riƙa kulle su lokaci-lokaci yana tafiya, don juyawar sandar ce ke watsa mai har bushin sama.