Shirin baje koli a Birnin Kebbi da maganar sunan mai aiki

Wanda ya zo kallon baje kolin zane ranar buɗewa yakan tarar da ɗaki a share, ayyuka a rataye bisa tsari, mai zanen kuma yana tsaye cikin wankakkiyar riga yana gaisawa da baƙi, sai ya ɗauka cewa rayuwar mai zane ke nan. Alhali kuwa a makonnin da suka gabaci wannan rana, zane shi ne mafi ƙarancin abin da nake yi. Yawancin lokacina yana ƙarewa ne a rumfar kafinta, da bakin tasha wajen jiran saƙon fenti daga Kano, da kuma zaurukan masu sana'ar hannu waɗanda aikinsu zai zauna ɗaki ɗaya da nawa. Yanzu haka ni da wasu abokan sana'a muna shirya wani ɗan ƙaramin baje koli a nan Birnin Kebbi, muna so ya dace da ƙarshen hunturu, lokacin da baƙi suka fi ratsa garin nan a kan hanyarsu ta zuwa bikin kamun kifi na Argungu.

Nakan fara aiki bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye har ido ya iya rarrabe launi, domin ƙwan lantarki yana sauya kamannin ja da ruwan ɗorawa. Hunturu kuma yana da nasa hali. Fentin da ake dama shi da ruwa yakan bushe a kan burushi kafin hannu ya kai ga yadi, dole in riƙa yayyafa ruwa a farantin da nake haɗa launi. Fentin mai kuwa sai ya yi kwanaki bai bushe ba, kuma duk ƙurar da iska ta kwaso a kansa take sauka ta manne, shi ya sa nake jingina sabon aiki yana fuskantar bango, in toshe taga da buhu. Kafin azahar na ajiye burushi, sauran yini na yawo ne a kan kabu-kabu.

Ba mu da gidajen baje zane irin na Legas da Abuja masu fararen bangaye da fitilu na musamman, saboda haka ɗakin taro muke haya, kuma sharaɗin farko da mai ɗaki kan kafa shi ne kada a buga masa ƙusa a bango. Wannan ne ya mayar da kafinta abokin aikinmu na farko, domin shi zai haɗa allunan tsaye da za a rataya ayyuka a kansu, shi ne kuma mai yin firam. Abin da nake sa wa ido a wurinsa shi ne bushewar katako, saboda firam ɗin da aka yi da ɗanyen katako yakan murɗe idan iskar hunturu ta buge shi, yadin da ke kansa ya saki. Yadin ma akoko nake saye a kasuwa, in ja shi sosai in ɗaure, sannan in shafe shi da farin fenti gauraye da gam har ya daina shanye launi.

Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira ga kasuwa, kuɗin fenti da na burushi ya yi tashin gwauron zabi, domin yawancinsu daga waje ake shigo da su. Tsadar nan ce ta kai ni neman launukan gida, kuma ita ce ta haɗa ni da mutanen da a yanzu nake ganin baje kolin ba zai cika ba sai da su. Wani malamin zayyana ne ya nuna mini yadda yake jiƙa ƙaro ya kwana, ya tace shi, ya haɗa da baƙin tukunya ya sami tawada mai sheƙi wadda ba ta zubewa daga allo. Da wannan ƙaron nake kama jar ƙasa da farar ƙasa a yanzu. A marina kuma na sami baba.

Wanda na fi daɗewa a wurinsa shi ne wani dattijon baduku da ke aiki a zauren gidansa, yana zaune a kan tabarma, wuƙa da basilla a gefe, guntayen fata kuma sun cika wani tsohon kwano. Fatar da yake aiki da ita majema ne suka jeme ta da bagaruwa, amma rini da hannunsa yake yi. Ja daga karan dafi yake samunsa, wato jan ɓawon da ke lulluɓe da karan wata irin dawa, ya daka shi ya jiƙa da ruwan toka, sannan ya goga da tsumma har fatar ta sha. Baƙi kuwa kuloko ne, wanda ake samu daga kashin maƙera da aka jiƙa ya tsima. Na roƙe shi ya ɗiga mini kulokon a kan guntun akokon da ke aljihuna, ya ɗiga, sai wurin ya ɗan yi dusu-dusu kawai. Ya ɗauki sili ya tsoma a cikin ruwan nan ya ja layi a kan jar fata, nan take layin ya yi baƙi ƙirin. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga baƙi ba cikin ruwan shike ba, cikin hwata shike, bagaruwa ita ka kiranai." Abin da yake nufi shi ne ƙarfen da ke cikin kuloko ba ya yin baƙi sai ya gamu da ɗacin bagaruwa, kuma tun daga ranar nake jiƙa yadina a ruwan bagaruwa idan ina son wannan baƙin. Na ce masa, "Baba, wannan karatu ai ya cancanci sadaka," ya yi dariya ya ce goro ya isa.

Fatar jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato, wadda Kebbi ke cikin jiharta har zuwa 1991, fatake sun daɗe suna ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga kasuwannin Turai inda aka san ta da sunan Maroko. Wanda ya kiwata akuyar da wanda ya jeme fatar duk sunansu a hanya ya faɗi. Wannan tarihi yakan faɗo mini a rai duk lokacin da na shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu da littafin zanena. Ginin tun 1831 yake, ya kasance fadar Sarkin Kabi har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Mutum zai tsaya gaban takubba da masu da tambura, a ba shi labarin sarakunan da suka riƙe su da yaƙoƙin da aka fita da su, amma maƙerin da ya ƙera takobin da badukun da ya ɗinka kubensa ba su cikin labarin.

A Argungu ba ranar gasar kamun kifi na fi son yin zane ba. Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, a 2016 kuma UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa, saboda haka masu ɗaukar hoto sun riga sun cika duniya da hoton dubban masunta suna rugawa cikin kogin Matan Fada. Ni na fi son ranakun da ba kowa, lokacin da masunci ke zaune a inuwa yana ɗinke homarsa, gorarsa a kife kusa da shi. Saƙar homa aiki ne na ido da lissafi, kuma a baje kolin nan za mu rataya homa ta gaske kusa da zanen da na yi mata. Yawancin masuntan da ke cikin zanena ta baya na zana su, ko kuma hannuwansu kaɗai, domin a garinmu akwai masu jin nauyin rataya hoton fuskar mutum a ɗaki saboda dalilin addini, ni kuma ban ga abin da aikin ya rasa ba, tunda hannun masunci ya fi fuskarsa faɗin sana'arsa.

A kan wannan homar ne gardama ta tashi tsakaninmu masu shiri. Al'adar da muka tarar ita ce a liƙa wa kowane zane ƙaramar takarda mai ɗauke da sunan mai zanen da sunan aikin da shekarar da aka yi shi, sauran kaya kuwa, jakunkunan fata da faya-fayai da ƙore, a tara su kan tebur guda a rubuta "kayan gargajiya". Na ce ban yarda ba, duk abin da ya shiga ɗakin nan da sunan mai shi zai shiga. Ɗaya daga cikin abokaina ya ƙi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce mai zane ƙirƙira yake yi daga kansa, baduku kuwa maimaita abin da ya gada yake yi, har ma idan ka tambaye shi inda ya samo adon, cewa zai yi haka ya tarar ana yi. Amsata ita ce mu ma gado muke ci, domin babu wanda ya faɗo daga sama da burushi a hannu, kuma masu saye a kasuwa ba su taɓa ruɗewa ba. Dukawa biyu za su zauna a zaure ɗaya su yi ado iri ɗaya, amma mai neman kuben wuƙa ko rigar laya ya san hannun wanda yake so, ya kuma yarda ya jira shi. Dillalin da ke kwasar kayan nan zuwa manyan birane shi ma ya san hannun kowa sarai, rashin faɗin sunan ne ribarsa. Da ƙuri'a aka raba gardamar, aka tsaya a kan rubuta suna.

Maganar farashi ta fi wannan wuya. Mun amince cewa kowa shi zai yanke kuɗin aikinsa, a cire wani kaso da aka yarda da shi don hayar ɗaki da man janareta. Da na kai wa dattijon baduku wannan bayani, bai ji daɗin a rubuta kuɗi a takarda ba. A wurinsa ciniki yana farawa ne da gaisuwa, mai saye ya taya, shi ya ce albarka, a ja a sassauta har a daidaita, kuma farashin da zai sallama wa maƙwabci daban yake da na baƙo. Takarda ba ta san maƙwabci ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne zai zo da tabarmarsa da kayan aikinsa ya zauna a kusurwar ɗakin, sunansa a rubuce a bango, ciniki kuma a bakinsa. Ina ganin wannan zai fi duk wani bayani da za mu rubuta, domin yaran makaranta da muka gayyata za su ga yadda layin kuloko ke yin baƙi a gabansu.

Tsara ɗaki kuwa gwaggona na roƙa ta taya mu, abin da ya ba abokaina dariya da farko. Ta shafe shekaru ana kiranta jeren ɗakin amare, ta san abin da ido ke fara sauka a kai idan an ɗaga labule, ta san kuma cewa kaya masu kyau idan suka yi cunkoso kashe juna suke yi. Da ta zagaya allunan ta ce mini, "Kai yaro, ka tara ja wuri ɗaya, raba su, ka sa shuɗin nan tsakani." Ta kuma sa aka sauko da faya-fayan daga sama zuwa daidai ƙirji, ta ce faifai abin dubawa ne kusa, a ga yadda aka murɗa kaba, ba abin hange ba.

Faya-fayan nan aikin wata baiwar Allah ne da ke wani ƙauye kusa da Jega, wadda ke rina kabarta da kanta, kuma ta hannun ƙanenta muke magana da ita saboda ba ta fita. Da aka gaya mata za a rubuta sunanta, ta aiko cewa ba ta son baƙin maza su riƙa karanta sunanta na yanka a bango. Ban ga dalilin matsa mata ba, ban kuma yarda a mayar da aikinta teburin da ba suna ba. Gwaggo ce ta kawo mafita, ta ce a rubuta alkunyar da matan ƙauyen suka san ta da ita tare da sunan garin, tunda duk mai neman faifanta da wannan sunan zai tambaya a kai shi ƙofar gidan. Ta amince da haka, da sharaɗin cewa kuɗin duk abin da aka sayar gwaggo ce za ta kai mata hannu da hannu.