Ranar da Baba ya ɗauki saƙona na 'yan damfara ne

Da rani ya gabato, ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a wajen Auyo ta ɗora min aikin tsara yadda mambobi za su riƙa yin odar taki ta waya. Yawancinsu ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa, don haka sai muka bi ta lambar nan da ake dannawa da tauraro, irin ta duba kuɗin banki.

Na zauna na tsara zaɓi shida, ina jin kaina gwani. Mai unguwarmu, wanda muke kira Baba, na fara kai wa gwaji. Ya danna, ya ɗaga wayar nesa da ido, ya ƙwala wa jikansa kira ya zo ya karanta masa. Kafin yaron ya iso daga bayan gida, shafin ya rufe, domin irin wannan layi ba ya jira. Da muka sake, tambaya ta biyu ta ce "Hekta nawa?" Sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ni da buhu nake lissafi."

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne saƙon tunatarwa. Na rubuta "Yi sauri! Dama ta kusa wucewa! Tabbatar yanzu!" don in zaburar da mutane. Baba ya goge shi nan take. Ya ce haka masu kwashe wa mutum kuɗi a asusu suke magana, kuma kalmar "tabbatar" ba ta faɗa masa abin da zai fita daga aljihunsa ba. Ga kuma wani abu: ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin haruffan tes na asali, da zarar ka sa ɗaya, saƙo mai ɗaukar harafi 160 ya koma 70. A wasu wayoyin ma akwati ne ke fitowa a madadinsu.

Na rage zaɓin zuwa uku. Tambayar ta koma "Buhu nawa kake so?", a ƙarƙashinta na rubuta "Ba a cire kuɗi yanzu". Tunatarwar kuwa, na roƙi sarkin noma ya yi ta da muryarsa, ya fara da sallama, ya faɗi ranar da motar taki za ta iso. Muka daina turawa da hantsi lokacin da kowa ke cikin fadama, sai bayan la'asar.

Washegari a ƙofar masallaci Baba ya miƙo min wayarsa. Buhu huɗu ya nema, kuma jikan nasa yana makarantar allo lokacin.