Rana ta huɗu: kilomita 96, iska a ƙirji

'Yan'uwa masu koyon doguwar tafiya a keke, yau kwana huɗu ke nan da fitowata, kuma ba ranar da ta ba ni wuya irin ta yau. Kilomita 96 na ci, awa bakwai da ɗoriya a kan sirdi.

Da sassafe komai lafiya lau. Wajen ƙarfe goma iska ta juyo ta gabana, ba ta sake ni ba har yamma, ga jakunkuna biyu a kariyar keken suna tare ta. Ku riƙe wannan lissafin: in gudun iskar da ke bugunka ya ninka biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi. Kana tafiyar kilomita 15 a awa, ita ma tana zuwa da 15, to turjiyar mai gudun 30 kake sha alhali ba ka yin gudun.

A nan na yi kuskure. Na bar keken a giya mai nauyi ina danna feda da ƙarfin tsiya, don ba na son ganin gudun ya ragu. Kafin awa biyu gwiwar dama ta fara suka ta gaba, daidai ƙoƙon. Da na ƙirga sai na ga juyi 60 kacal ƙafata ke yi a minti. Na sauko giya uku, na koma wajen juyi 85. Da farko sai ka ji kamar wasa kake, ƙafa na ta wulwulawa a banza. Ku daure, ba banza ba ne: kowane dannawa ya yi sauƙi, nauyin ya sauka daga gwiwa ya koma kan numfashi. Ni dai yanzu na yarda giya mai sauƙi ba ta ragwaye ba ce.

Na kuma duba sirdi. Na ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ya kamata ƙafa ta miƙe sak, tawa kuwa a lanƙwashe take. Na ɗaga shi milimita 5, na manna ɗan salatif a ƙarfen sirdin don in gane in ya zame. Sukar ba ta ɓace ba, amma ta lafa.

Ci kuwa ban jira yunwa ba. Duk awa nakan ci abu mai sitaci ko sukari, tsakanin giram 30 da 60, ina kurɓar ruwa a kai a kai.

Saura kilomita 12 tayar baya ta sace. Kafin in mayar da tif na bi cikin tayar da yatsa a hankali, sai ga ɗan tsinken waya, siriri kamar gashi, har yanzu a maƙale. Da na yi faci na rufe haka, da na sake tsayawa.

Gobe kilomita 60 kawai zan yi saboda gwiwar, kuma zan fita tun kafin iska ta tashi. Wanda ya taɓa fama da irin wannan sukar a cikinku, kwana nawa ta ɗauka kafin ta sake shi?